Abin da Tukunya Ba Ta Cirowa: Sinadaran Tiritafin a Tsirran Dangin Ɗaɗɗoya na Yankin Garwa da Arewacin Kamaru

Tsakure

Maƙalar nan ta duba sinadaran tiritafin masu zobba biyar, musamman asid ɗin ursolik da oliyanolik da betulinik, a tsirran dangin Lamiaceae da ke tsirowa a yankin Garwa da sauran arewacin Kamaru. An ɗora nazarin a kan abin da aka riga aka tabbatar game da ginin waɗannan sinadarai, da yadda suke narkewa, da tarihin magungunan da aka samo daga gare su, sannan aka gwama shi da yadda mutanen yankin suke sarrafa tsirran. Hujjar maƙalar ita ce tiritafin ba ya bin tururi kuma da ƙyar yake shiga ruwa, don haka sirace da jiƙo da tatsar man ƙamshi duk suna barin mafi yawansa a cikin ganye. Wannan yana sa shakku a kan jingina amfanin shayin ɗaɗɗoya ga asid ɗin ursolik, kuma yana nuna inda ya kamata masu bincike su kai ma'auninsu: ragowar ganyen da aka tatse, da haɗin ganye da mai.

Gabatarwa

Dangin Lamiaceae yana da nau'in tsiro kimanin 7,000. Bahaushe ya san da yawa daga cikinsu tun kafin a ba su sunan Latin. Akwai ɗaɗɗoya, wadda ta ƙunshi Ocimum gratissimum da Ocimum basilicum da 'yan'uwansu. Akwai na'ana'a da ake sa wa shayi. Akwai bunsurun fadama, Hyptis spicigera, wanda sunansa ya isa bayani a kan warinsa. Akwai rizga da tumuku da ake ci don saiwarsu. Tun daga shekarun 1990 masana rabe-raben tsirrai suka ɗauke ɗinya, Vitex doniana, daga dangin Verbenaceae suka maido ta nan, tare da malaina da itacen tik. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya tattara sunayen Hausa na irin waɗannan tsirrai a ƙamus ɗinsa na 1916, kuma har yau mai bincike ba ya rasa komawa gare shi.

Garwa tana bakin kogin Binuwai, a yankin da ruwan sama yake kai kimanin milimita 1,000 a shekara, damina ɗaya tak, sai rani mai tsawo wanda zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afirilu. A irin wannan yanayi tsiro yana bukatar abin da zai hana ruwan jikinsa tsiyayewa, da abin da zai kore ƙwaro. Dangin ɗaɗɗoya yana da makamai biyu na wannan aiki. Na farko man ƙamshi ne mai tashi a iska, wanda ke taruwa cikin ƙananan gashin ganye. Shi hanci ke ji idan an murza ganyen. Na biyu kaki ne siriri da ya lulluɓe fatar ganye, kuma a cikinsa ne tiritafin yake da yawa. Shi ba shi da ƙamshi ko kaɗan.

Aikin da ya fi fice a arewacin Kamaru kan waɗannan tsirrai ya bi makami na farko. A Jami'ar Ngaundare, masana irin su Martin Benoît Ngassoum da Léonard Ngamo Tinkeu sun yi shekaru suna gwada man ƙamshin bunsurun fadama da na ɗaɗɗoya a kan ƙwarin da ke cin hatsi a rumbu, Elias Nukenine kuma ya gwada garin ganyen Plectranthus glandulosus a kan ƙwaron masara. Dalilin a fili yake: manomi yana asarar wake da masara bayan kaka, kuma dama can yana shimfiɗa bunsurun fadama a rumbu. Aiki ne mai daraja, kuma wannan maƙala ba ta rage masa komai ba. Tambayarta ita ce me ya rage a tukunya bayan man ya fita.

Ginin sinadarin da yadda tsiro ke haɗa shi

Tiritafin sinadari ne mai ƙwayar kabon 30, wanda aka gina daga tubala shida na aisofirin, kowanne mai kabon biyar. Leopold Ruzicka, wanda ya sami kyautar Nobel a 1939, shi ya daidaita wannan ka'ida, ya kuma faɗaɗa ta a 1953 zuwa bayanin yadda rayayyen abu ke yin ginin. An san nau'in tiritafin fiye da 20,000 a yau. Tsiro yana fara haɗa sikwalin, doguwar sarƙa miƙaƙƙiya, ya ɗora mata ƙwayar oksijin ɗaya a baki, daga nan wani inzayim ya naɗe ta zuwa zobba. Yadda aka yi naɗin shi ke raba gida uku da suka shafe mu: alfa-amirin, da beta-amirin, da lufiyol. Inzayim na rukunin CYP716A sai ya kama kabon na 28 ya mai da shi asid. Alfa-amirin ya zama asid ɗin ursolik, beta-amirin ya zama oliyanolik, lufiyol ya zama betulinik.

Ursolik da oliyanolik tagwaye ne. Tsarinsu ɗaya, C30H48O3, nauyinsu ɗaya, kimanin 456.7. Bambancin duka bai wuce mazaunin reshe ɗaya na metil a zobe na biyar ba: a oliyanolik rassa biyu suna kan kabon na 20, a ursolik ɗaya yana kan na 19 ɗaya kan na 20. Wannan ƙaramin bambanci yana ba mai awo wahala ƙwarai. A farantin kuromatogirafi na yau da kullum su biyun kan sauka wuri guda. Suna shan hasken UV ne kawai can ƙasa, wajen nanomita 205 zuwa 210, inda abubuwa da dama ke tsoma baki. A ma'aunin nauyin ƙwayoyi dukansu kan ba da guntu mai lamba 248. Wanda ke raba gardama shi ne NMR na kabon: kabon na 12 da na 13 suna fitowa wajen 122 da 144 a oliyanolik, wajen 125 da 138 a ursolik. Saboda haka rahoton da ya tsaya a gwajin launi na Liebermann da Burchard, ya ce ya ga tiritafin, bai faɗi wanne ba kuma bai faɗi nawa ba. Gwajin ma yana ba da launi da sitirol, wanda kusan kowane ganye yake da shi. Irin wannan rahoto ya yi yawa a mujallunmu, kuma a ganina lokaci ya yi da editoci za su daina karɓar sa a matsayin sakamako.

Abin da ya fi muhimmanci ga hujjar wannan maƙala shi ne halin sinadarin. Zobba biyar na kabon da haidurojin jiki ne na maiƙo zalla. Wuraren da ke son ruwa biyu ne kacal, ɗaya a kowane ƙarshe. Asid ɗin ursolik sai zafi ya kai wajen digiri 285 yake narkewa, oliyanolik kuwa sai ya haura 300. Ruwa yana tafasa a 100. A ruwa kusan ba sa narkewa, amma suna narkewa a itanol mai zafi da makamantansa.

Inda aka same su a dangin

A ƙasashen Bahar Rum, ganyen rozmari busasshe kan ƙunshi asid ɗin ursolik har kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinsa, adadi mai yawa ga sinadari guda a ganye. A 2008 wasu masu bincike a arewa maso gabashin Barazil sun auna nau'i takwas na Ocimum, har da gratissimum da basilicum da americanum da muke da su, suka sami asid ɗin a dukkansu, mafi yawa a Ocimum tenuiflorum, kimanin kashi 2 cikin 100. Tun 1983 aka ruwaito tiritafin daga saiwar Hyptis suaveolens a Indiya. Wannan tsiro asalinsa nahiyar Amurka ne, amma ya mamaye gefen hanyoyi da wuraren kiwo a faɗin sabanar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, dabbobi ba sa cin sa, makiyaya ba sa ƙaunar sa. A Kinshasa kuma an ciro asid ɗin ursolik daga ganyen Ocimum gratissimum aka ruwaito cewa a kwalbar gwaji yana rage lanƙwashewar jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila.

Waɗannan alƙaluma na wasu ƙasashe ne, kuma ba a ɗauko su a liƙa wa ɗaɗɗoyar Garwa. Adadin sinadari a ganye yana canjawa da ƙasa, da ruwa, da shekarun tsiro, da lokacin da aka tsinka. Ocimum gratissimum ma kanta iri-iri ce ta fuskar mai: wata yujinol ya rinjaya a cikinta, mai ƙamshin kanumfari, wata kuma taimol. Abin da alƙaluman suka ba mu shi ne dalili mai ƙarfi na aunawa.

Tukunya, tururi da mai

A gidajen Garwa, kamar na Yola da Kano, hanyoyin amfani da ɗaɗɗoya sanannu ne. Ana dafa ta a sha don ciwon ciki ko mura. Ana yin sirace da ita, mai zazzaɓi ya lulluɓa da zane a kan tukunya. Ana ƙona ganyen dangin ko a rataye shi a ɗaki don korar sauro. Ana sa ta a miya da dafa-duka.

A ɗauki kowace a auna da halin sinadarin. Sirace tururi ne, kuma abin da ke bin tururi shi ne man ƙamshi: yujinol, taimol, sineyol da ire-irensu, masu kabon 10 zuwa 15. Tiritafin ba ya tashi, don haka babu shi a sirace. Warin da ke korar ƙwaro a rumbu ma na man ƙamshi ne. Jiƙo da dafawa suna ciro abin da ke son ruwa, kuma a ɓangaren dangin da ɗaɗɗoya da na'ana'a da bunsurun fadama suke, babban abin da ke son ruwa shi ne asid ɗin rozmarinik, tare da fulabonoyid. Shi ma sinadari ne mai aiki, wanda aka sha nazarin tasirinsa a kan kumburi. Ɗan tiritafin yana iya ratsowa, ko dai manne da ɓarɓashin ganye ko kuma da taimakon wasu sinadarai masu kumfa, amma ɗan kaɗan ne.

A ƙaddara, don lissafi kawai, cewa ganye yana da kashi 1 cikin 100. Giram 5 na busasshen ganye, abin da zai isa kofi ɗaya, yana ɗauke da miligiram 50. Idan aka tace shayin aka zubar da ganyen, akasarin miligiram 50 ɗin nan yana bola. Ga shi kuwa sau da yawa maƙala za ta jiƙa ganye a mitanol, ta ciro asid ɗin ursolik, ta gwada shi a kan ƙwayoyin halitta a faranti, sannan ta rufe da cewa sakamakon ya gaskata amfanin gargajiya. Mai maganin gargajiya bai taɓa ba kowa ruwan mitanol ba. Maganinsa yana iya yin aiki, amma ta wata hanya dabam da wadda aka auna, kuma an zalunce shi idan aka ba shi shaidar da ba tasa ba, domin ranar da shaidar ta rushe za a ce maganinsa ne ya rushe.

Hanya ɗaya ce ta bambanta: inda ake cin ganyen kansa. Ɗaɗɗoyar da ta shiga miya mai man gyada, ko ɗinkin, wato ɗanyen ganyen ɗinya da ake dafawa a ci, suna shiga ciki da kakinsu duka, tare da maiƙon da zai iya taimaka wa sinadarin ya narke. Ko a nan ma akwai shinge. Hanji ba ya tsotse asid ɗin ursolik da kyau, hanta kuma tana saurin sarrafa abin da ya shiga, shi ya sa masana harhaɗa magani suke sa shi a rukunin da ke da ƙarancin narkewa da ƙarancin ratsawa a lokaci guda. A faranti yawanci ana ganin aikinsa ne a ma'aunin maikuromola. Maikuromola 10 daidai yake da kusan maikurogiram 4.6 a kowace mililita, kuma kai jini wannan matsayi ta hanyar abinci abu ne mai wuya.

Abin da tarihin magunguna ya nuna

Duk da haka zobba biyar ɗin nan sun haifi magunguna na gaske, kuma yadda suka haife su abin lura ne. A ƙasar Sin an daɗe ana sayar da asid ɗin oliyanolik a matsayin ƙwayar taimakon hanta. A 1995 mujallar Nature Medicine ta buga rahoton cewa asid ɗin betulinik yana kashe ƙwayoyin sankarar fata ta melanoma a gwaji. Daga shi aka ƙero bevirimat, wanda ke hana ƙwayar cutar HIV kammala girma, amma aka dakatar da shi a 2010 bayan an gano cewa ƙwayoyin cutar a jikin marasa lafiya da yawa ba sa jin sa. A 2011 ƙungiyar Christopher Adams a Jami'ar Iowa ta nuna cewa asid ɗin ursolik yana rage zaizayewar tsoka a ɓeraye.

Labarin da ya fi koyarwa na oliyanolik ne. A Kwalejin Dartmouth ta Amurka, Michael Sporn da Gordon Gribble da Tadashi Honda sun yi ta sauya zobbansa har suka sami sinadarin da ya ninka shi ƙarfi sau dubbai wajen danne kumburi. Ɗaya daga cikin zuriyar, bardoxolone methyl, ya kai babban gwaji mai suna BEACON a kan mutum 2,185 masu ciwon suga da ciwon ƙoda mai tsanani. A Oktoba 2012 aka tsayar da gwajin saboda gazawar zuciya ta fi yawa a cikin waɗanda suka sha maganin. Ɗan'uwansa, omaveloxolone, shi ne hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a Fabrairu 2023 don cutar jijiya ta gado mai suna Friedreich ataxia. Abu biyu suka fito a nan. Sinadarin da ke ganye sai da aka ƙera shi kafin ya yi ƙarfin magani, kuma da ya yi ƙarfin sai haɗarinsa ya bayyana. Asalin tsiro bai kare kowa ba.

Akwai kuma Filsuvez, man shafawa da aka haɗa daga tiritafin na ɓawon itacen birch, akasarinsa betulin, a cikin man sunfulawa. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, Amurka a ƙarshen 2023, don raunukan masu wata cutar fata ta gado mai sa fata ta riƙa saɓulewa. Wannan ne misalin da ya fi kusa da mu. Ba a sauya sinadarin ba, ba a kuma nemi ya ratsa hanji ba. An zuba shi a mai aka ɗora a inda ake bukatar sa. Rashin son ruwa, wanda ya zama cikas a kofi, a nan shi ne ya yi amfani.

Tattaunawa: ragowar ganye da aikin da ke gaban Garwa

Matar da ke tuyar ƙuli ba ta zubar da tunkuza don ta matse mai. A ɗakin gwaji kuwa haka ake yi. Ana zuba ganye a na'urar Clevenger, a tafasa na sa'o'i, a kwashi man da sau da yawa bai kai kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, sauran a watsar. Tunda tiritafin ba ya tashi kuma ba ya narkewa a ruwan tukunyar, ya kamata a same shi a ragowar, kuma mai yiwuwa kasonsa ya ƙaru, domin ruwan zafi ya riga ya wanke suga da gishiri da sauran abin da ke narkewa. Wannan hasashe ne mai sauƙin gwadawa, kuma ba ya bukatar a sare ko da reshe ɗaya fiye da wanda aka riga aka sare.

Batun sara ba ƙarami ba ne a Kamaru. Prunus africana, itacen tsaunuka da ake samu har a Tchabal Mbabo na jihar Adamawa ta Kamaru, ɓawonsa yana ɗauke da asid ɗin ursolik da oliyanolik tare da sitirol, kuma an yi shekaru ana fitar da shi Turai don maganin kumburin mafitsarar maza. An yi ta saɓar ɓawon har aka sa itacen a jerin CITES na tsirran da aka taƙaita cinikinsu a 1995, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shigo da shi daga Kamaru a 2007. Ɗaɗɗoya ganye ce da ke sake tofowa a bayan ɗaki, Hyptis suaveolens kuwa ciyawa ce da kowa ke son a rage ta. Samun sinadari iri ɗaya daga waɗannan ya fi samun sa daga ɓawon itace mai shekaru da yawa. Wannan gargaɗi ya shafi ɗinya ma: a tsaya a ganyenta, a bar ɓawonta da saiwarta. Kuma duk aikin da zai kai ga kasuwa dole ya bi dokar Kamaru ta Yuli 2021 kan samun albarkatun halitta da raba amfaninsu, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar Nagoya ta 2010, domin ilimin masu maganin da suka nuna tsiron yana cikin abin da dokar ta kare.

Garwa tana da kayan fara aikin. Makarantar horar da jami'an gandun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana da ma'ajiyar busassun tsirrai inda za a ajiye samfurin shaida, a kuma gwama da na ma'ajiyar ƙasa da ke Yawunde. Wannan mataki ba na ado ba ne: sunan ɗaɗɗoya yana rufe nau'i fiye da ɗaya, kuma sunayen Latin ɗin ma sun motsa, domin tun 2012 aka mai da Hyptis spicigera zuwa Cantinoa americana, Hyptis suaveolens kuma zuwa Mesosphaerum suaveolens. Akwai tashar binciken noma ta IRAD don noman gwaji, akwai Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ga jami'o'in Ngaundare da Marwa a kudu da arewa.

Tsarin da nake ba da shawara ƙarami ne da gangan. A ɗauki nau'i huɗu: Ocimum gratissimum, bunsurun fadama, Hyptis suaveolens da ganyen ɗinya. A tsinko su daga fadamar Binuwai da kuma tudu, a tsakiyar damina da lokacin kaka, a shanya a inuwa. Daga kowane samfuri a fitar da kaso huɗu: ganyen da ba a taɓa ba, ragowar bayan tatsar mai, ruwan dahuwa da aka yi daidai yadda uwar gida ke yi, da ganyen da aka dafa a man kaɗe. A auna ursolik da oliyanolik dabam-dabam da HPLC, da ma'auni tsantsa na kowanne, a tabbatar da NMR. Kaso na uku shi zai nuna ko hujjar wannan maƙala ta tsaya ko ta faɗi. Idan aka sami tiritafin mai yawa a ruwan dahuwa, to akwai abin da ke ɗauke da shi a ganyen, kuma gano wannan abin ya cancanci maƙala tasa.

Kaso na huɗu ne zai fi wahala. Man kaɗe yana da nasa tiritafin masu yawa, amirin da lufiyol da butirosfamol, galibi ɗaure da asid ɗin sinamik ko asetik, kuma adadinsu yana bambanta daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Dole a raba man gida biyu tun daga ƙwarya ɗaya, a dafa rabi da ganye, a dafa rabi shi kaɗai a wuta ɗaya na lokaci ɗaya, sannan a ware masu asid daga marasa asid kafin awo. Ursolik da oliyanolik suna da asid a kabon na 28, na man kaɗe ba su da shi, kuma ta wannan ƙofa ce za a iya sanin abin da ganye ya zuba a man da abin da man ya zo da shi daga kaɗanya.